Sun Sare Motar Baba

Assalamu alaikum, Yaya Bello.

Ina gaishe ka da kyau. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Legas? Ina Hajiya da yara? Mu nan Wurno lahiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Kaburetar da ka aiko ta iso, sai dai ba ta iske motar ba. Shekara ukku ina kwance ƙarƙashin jar motar nan ta Ingila mai kujera biyu da Baba ya bar muna. Na sake mata birki, na ɗinke rumfarta. Ranar Juma'a ta tashi da tsohuwar kaburetarta, har Inna ta hito tana hawaye, don ta gane ƙarar.

Na tahi Goronyo gyaran injin ban ruwa, kwana biyu kacal. Da na dawo, ba komi a wurin sai tabon baƙin mai. Ashe Baffa Sani ya kira masu sayen tsohon ƙarfe, sunka sare ta da wuta. Na ce, "Baffa, don mi?" Ya ce, "Mi za a yi da motar da ba ta ɗaukar buhun albasa ko guda? Shanu nike son ɗaurewa nan."

Don ƙanen Baba ne, sai na juya na bar wurin. Na bi mutanen har Rabah, sitiyari kaɗai na samu. Har yau na kasa taka gidan Baffa.

Ka yi mani addu'a, Allah shi sanyaya zuciyata kahin bakina ya yi mani ɓarna. Ka gaida Hajiya da su Amina.

Ƙanenka,
Umaru