Na Bar Eriya a Karkace Don Ƙauyenmu

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku ji ni zuwa ƙarshe, don ba kuka na zo yi ba.

Ina aiki a wata tashar ƙara ƙarfin talabijin da ke kan tudu a wajen Funtuwa. Da aka kafa sabuwar eriya, mu biyu aka sa mu saita ta, ni da Malam Bitrus, babban ma'aikacinmu, mutumin da ya koya mini aikin nan da hannunsa. Yadda ake yi, akwai 'yar ƙaramar eriyar gwaji da ake zagayawa da ita dab da fuskar babbar, a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku, ita ke nuna inda hoto zai dosa. In ta karkace ko kaɗan, awon duka ya tashi a banza. To damina ce, ƙafa ɗaya ta nutse a laka ba mu lura ba. Sai da muka ɗaure babbar eriya, Malam Bitrus ya sauka daga tudun, na rataya igiyar da magina ke gwada miƙewar gini da ita a jikin ƙarfen, na ga karkatar da idona. Gyaran ba wuya: a sa katako a ƙarƙashin ƙafar, a sake awo, a juya eriya yamma. Na naɗe igiyata na yi shiru.

Me ya sa? Saboda hoton da aka nufi Dandume da shi, ƙauyenmu na wajen Ƙarfi ya faɗa. Ranar Juma'a na je gida na tarar da gidan kallo ya cika har waje, mahaifina a gaba kan buzunsa. Ya ce, "Ashe aikin da kake yi ke nan? Allah ya yi maka albarka." Tunda na ƙi noma bai taɓa faɗa mini haka ba. Wa ya taɓa tunawa da mu? Hanya ce muke da ita ko asibiti? Wallahi ban yi nadamar wannan ba.

Abin da ke cina shi ne Malam Bitrus. Mutanen Dandume sun kai ƙara, dishi-dishi kawai suke gani, an ɗora masa laifi, ana maganar sauke shi. Jiya ya riƙe ni ya ce, "Ƙanena, ka tuna da kyau, ƙarfen nan a miƙe yake ranar?" Na ce a miƙe yake, Yaya. Ya yi mini godiya, kunya ta kusa kashe ni.

Kada wanda ya ce mini in ji tsoron Allah kawai ya wuce, na san wannan. In na gyara, talabijin ɗin gidan kallon ƙauyenmu ta mutu, kuma ni zan kashe ta. In na bari, Malam Bitrus, mai 'ya'ya a makaranta, ya rasa kujerarsa. Ku da kuka iya ba da shawara, me zan yi?