Riga Bakwai, Soso a Dama

Zuwa ga hasken gidana, sanyin idona, inuwar da nake fakewa tun ina saurayi mai keken ɗinki na aro, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, Malamata, uwar 'ya'yana huɗu.

Sallama irin ta mai laifi. Na san za ki yi mamakin tsintar takarda a tsakiyar littattafan 'yan ajinki, alhali mijin naki yana nan, da safe ma tare muka karya. Ki yi haƙuri da rubutun, kada ki ɗauko jan biro. Na rubuta ne saboda in na buɗe baki a gabanki, kafin in kai ƙarshen magana kin jefo wani abin dariya, ni kuma in cafe shi hannu bibbiyu in tsere. Wata takwas ke nan ina tserewa ta wannan ƙofar, ke ce kuma kike riƙe mini ita a buɗe.

Kin tuna washegarin tiyata? Na shigo ɗakin na rungume flas ɗin shayi kamar shi zai cece ni. Na same ki kwance, leɓɓanki sun bushe, bandeji ya naɗe ƙirjinki, ga wata roba ta fito daga gefenki tana ɗiga cikin 'yar jaka. Tun daga ƙofar asibiti nake harhaɗa kalmomin ban haƙuri, amma kika riga ni. Kika ɗaga jakar nan kika ce shekara goma sha tara kina roƙona jakar hannu, sai da likita ya ji tausayinki ya ba ki. Kika ce kada in damu da nonon da cutar kansa ta sa aka cire, ai ya shayar da 'ya'ya huɗu, ritaya ya yi, ɗan'uwansa zai riƙe ofis. Nas ɗin da ke gyara ƙarin ruwa sai da ta dafa bango don dariya. Matar gadon kusa da ke ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na girgiza. Ni ma na yi dariya har da ƙwalla, na koma ina gaya wa kowa matata jaruma ce, ko gezau ba ta yi ba. Wayyo ni! Nan da nan na yarda, don abin da nake so in ji ke nan.

Da magani ya zubar miki da gashi, kika shafa kaina kika ce sanƙona ya samu abokin hira. Da abinci ya ƙi zama a cikinki, kika ce sai yanzu kika gane abin da muke sha da girkinki. Kowace azaba ta zo, sai ki naɗe ta da dariya ki miƙo mini, ni kuma in karɓa in ce madalla. Wane irin miji ne mara lafiya take jinyarsa?

Amma ba wannan ne ya fi cina ba, masoyiyata. Ranar da aka cire bandeji na ƙarshe, kin kira ni ɗaki da hantsi, hannunki a kan maɓallin rigarki na farko. Kika ce, "Tela, zo ka duba aikin abokin sana'arka, ina ganin ɗinkin nan ya karkace, da kai ne da an dawo maka da shi." Murya kike yi ta wasa, amma kin riga kin fara ɓalle maɓallin. Me na yi? Na ce na bar dutsen guga a kunne a shago. Ƙarya ce, ranar ko buɗe shagon ban yi ba. Na fita na tsaya a bakin titi ina kallon motoci har rana ta take. Tun daga nan kike sa sakata in za ki canza kaya, kika ce wai gyara ake yi a ciki, ba a shiga. Na yi dariya, na ji daɗin sakatar nan, Allah ya yafe mini.

Wallahi ba ƙyama ba ce. Ina ƙyama tsakanina da jikin da ya ɗauki 'ya'yana, jikin da na san ɗuminsa fiye da na rana? Tsoro ne, tsoro mara kunya. Gani nake in ban ɗora ido a wurin ba, abin bai gama faruwa ba, cutar ba ta san hanyar gidanmu ba. Sai dai ke ba ki da yadda za ki karanta zuciyata. Abin da kika gani shi ne bayan mijinki yana fita.

Sai na ce bari in yi abin da na iya. Da lokacin komawarki makaranta ya matso, na kwashe rigunanki bakwai a ɓoye na kai shago. Na ɗauko soson da muke sa wa kafaɗar kwat, na yanka, na sassaƙe shi da almakashi, na lulluɓe da yadi mai laushi don kada ya goge ki, na ɗinke shi daga ciki da hannu, ba da keke ba. Ban tambaye ki ko kina so ba. Ban auna ki ba, na ce ai awonki a kaina yake. Kwana uku ina yi ina yaba wa kaina, ina cewa wace mace ce ta samu miji irina. Likita ya ce hagu, ban manta ba. Na shimfiɗa kowace riga a tebur tana fuskantata, na ɗiga alli a hagu. Haguna! Shekara ashirin da biyar ina riƙe da allura, na san sarai hagun mai kallo dama ce ga mai sawa, amma ban bar kaina na hasko ki a cikin rigar ba ko sau ɗaya, don haka riga bakwai na bi da kuskure ɗaya.

Kika sa shuɗiyar, kika fito falo, ƙanwarki Auta tana zaune. Kika juya a hankali kika ce, "Tela, ya ka gani?" Na ce ta zauna daram, ko likita ba zai gane ba. Ɗan kunnenki nake kallo lokacin da nake faɗa, don na riga na koya wa idona kada ya sauka ƙasa da haɓarki. Sai da Auta ta tuntsire da dariya har ta zamo daga kujera, sannan na duba. Ɓangare ɗaya tudu a kan tudu, ɗayan kuwa riga ta lafe kamar an rataye ta a ƙusa. Kika riƙe gefenki kina dariya, kika ce mijinki ya yi wa ma'aikaci ƙarin girma ya manta da ɗan fansho. Amma kafin dariyar nan ta fito, kin yi mini wani kallo da bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Na ga kallon nan, farin watana. Na gan shi, na yi kamar ban gani ba, har na riƙa ba da labarin a shago mutane na riƙe ciki.

Yanzu ga shi an koma gwaji. Injin hoton ƙirji da kike cewa yana matse mutum kamar ana tatsar lemo ya nuna wani ɗan duhu a wanda ya rage, sun sa allura sun ɗiba, sakamako sai Alhamis. Kika shigo kina cire takalmi kika ce mai riƙon ofis ma ya fara neman hutu. Kika ce da Auta za ki je, in zauna da kekena, kada in je in sume a rasa wanda za a duba tsakanina da ke. Na ce to. Kin ji ko? To na ce! Har wani sanyi na ji a raina.

Jiya da la'asar Auta ta zo shago. Ko gaisuwar kirki ba ta yi mini ba, ta zauna a kan benci ta ce, "Yaya, kai kana zaton haka take a asibiti?" Ta ce in ba na nan ba kya cewa komai. Kina zama a layi ki ƙura wa ƙasa ido, ki damƙe hannunta har sai ya yi mata tsami. Ta ce ranar da suka sa allura kin yi kuka a banɗakin asibiti kin kunna famfo don kada a ji. Ta ce a mota, a hanyar dawowa, kike haɗa abin da za ki faɗa mini, har gwadawa kike yi a kanta ki tambaye ta ko zai ba ni dariya. In kun iso ƙofar gida sai ki tsaya ki goge fuska, ki ja numfashi, sannan ki yi sallama. Ta ce kin gaya mata Tela ba zai iya ɗauka ba, gara a ba shi kaɗan-kaɗan da zaƙi, kamar maganin yara.

Kaico! Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Ke da aka yanka, ke da aka ɗura wa magani mai kwantar da ƙato, ke ce kike ɗauke da ni a kan ciwonki? Ina ce ni ne rumfarki, ashe wani kaya ne a kanki. Ban iya ƙarasa ɗinkin da ke kan keke ba, na kashe shi na zauna.

Ba na cewa ki daina barkwanci, tauraruwata. Dariyarki ce ta fara kamo ni tun kafin kyawunki, in babu ita gidan nan kango ne. Wanda ya zo miki daga zuciya ki yi, zan fi kowa dariya. Wanda kike yi don kare ni ne nake roƙon ki ajiye, ya isa haka, kin biya abin da ba ki ci ba. Ki zare sakatar nan. Ki sake kirana in duba ɗinkin likita, zan duba da ido biyu, zan sa tafin hannuna a wurin, in kuka ya zo mini a gabanki zan yi shi, ba a bakin titi ba.

Ranar Alhamis shago a kulle zai wuni. Zan zauna kusa da ke a layin nan, ga hannuna ki damƙe har ya karye. In likita ya buɗe takarda, duk abin da ke ciki tare za mu ji shi, in ma na sume sai su jera mu. Ban ce ki yafe mini yau ba, ban kai nan ba tukuna. Abu ɗaya nake roƙo: in kin taso daga makaranta anjima kin iso ƙofar gida, kada ki tsaya goge fuska, kada ki shirya mini komai. Ki shigo da fuskar da kike da ita, ina ciki ina jiranki.

Naki a dariya da kuka, da biyu, da ɗaya, da babu ko ɗaya, har ranar da za a yi mini awon ƙarshe,

Telanki.