Bakin Kwamin Ardo

Daren Laraba, Gumel.

Har yanzu ƙarar injin gurza ƙarfe na cikin kunnena. Wuni na yi ina goge bakin kwamin shayar da shanu da na yanka daga duro, na ɗauka ya yi sumul. Da Ardo mai kwamin ya iso daga Ɗanzomo, ko fentin bai kalla ba. Durƙusawa ya yi ya goga leɓensa a bakin ƙarfen, sai ga jini.

Ya ce, "Ɗana, saniya ba da hannu take shan ruwa ba."

Na ji haushi, amma gaskiyarsa ce. Gobe zan bi bakin kwamin da samfefa mai laushi, ko da yatsuna za su saɓule. Kwamin nan ba zai bar shagona ba sai na gwada shi da leɓena.