Motar Alhaji da Ake Tsayarwa da Dutse

Zuwa ga Alhaji Bawa, mai motocin haya na hanyar Tambuwal zuwa Kebbe.

Assalamu alaikum. Ina gaida Alhaji, ina tambayar iyali da kasuwa. Sau huɗu na zo ƙofar gidanka, kullum sai a ce kana hutawa. Shi ya sa na rubuta, tunda takarda ba ta tada mai barci.

Sunana Garba, mai gyaran keke a bakin kasuwar Tambuwal. Ni ne uban Nasiru, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da farar bas ɗinka ta kaɗe da hantsi, yana kan kekensa a gefen titi zai kai wa kakansa fura gona. Ƙashin cinyarsa ya karye wuri biyu. Mai ɗori ya duba ya ce ya fi ƙarfinsa, sai Sakkwato munka kai shi anka sa masa ƙarfe. Yanzu da sanda yake zuwa makaranta, kuma in ya ji ƙarar mota a bayansa sai ya maƙale da bango.

Na ɗaya. An ce ka faɗa a majalisarka cewa keken yaron ne ba ya da birki. Alhaji, da ka laƙa wa ɗan wani wannan, wataƙila ta zauna. Shekara ashirin nake gyaran keke, ni na ɗaure birkin nan da hannuna. Keken yana nan a rumfata, ya lanƙwashe kamar lauje, amma ka zo ka matsa, har yau yana kamawa. Laifi tudu ne.

Na biyu. Motarka kuwa ba mai buƙatar a ba shi labarinta. Duk wanda ya taɓa shigarta daga Kebbe ya san in za ta tsaya, direba tun daga nesa yake fara taka birki kamar mai ɗinki da keken tela, fasinjoji na salati, in ta ga dama ta rage gudu wani ya diro ya kafa mata dutse. Wata tsohuwa mai sayar da man shanu ta ce da ni, “Ɗana, ni in nika shiga motar ga, sai na yafe ma kowa tukun.” Ranar da abin ya faru, tana ciki.

Na uku. Direbanka, Malam Ila, ya same mu asibiti yana kuka. A gaban ƙanena ya ce sau uku yana gaya maka birki ya mutu, kana ce masa ya lallaɓa har bayan kaka. Da ka ji ya faɗi haka, ka karɓe makulli ka kore shi. Wannan ne gyaran da anka yi wa motar, kuma na yaba da saurinsa.

Na huɗu. Wakilinka ya zo gidana da lemu a leda da wa'azi a baki, wai ƙaddara ce, musulmi ba ya jayayya da hukuncin Allah. Mun sha lemun, mun gode. Amma mu ma mun zauna gaban malamai, kuma abin da sunka koya mana shi ne a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. Ƙaddara ta Allah ce, sakaci naka ne. Ban taɓa jin ka bar sito a buɗe ka ce wa ɓarayi ƙaddara ba.

Abin da ya hana ni haƙura shi ne, makon jiya na ga motar da idona ta ɗauki hanyar Kebbe, cike da mata masu goyo, dutsenta yana ajiye a bakin ƙofar motar.

Saboda haka ina roƙon Alhaji: ka janye motar daga hanya har bakanike ya gyara ta. Ka ɗauki nauyin maganin Nasiru, domin likita ya ce akwai aikin cire ƙarfe a gaba. Ka mayar da Malam Ila bakin aikinsa, yana da iyali. Sannan ka tako ka duba yaron, gidana ba ya da nisa da masallacin da kake sahun gaba.

In waɗannan sun yi maka nauyi, alƙali ya iya rubuta sammaci. Fasinjoji shida sun yarda su ba da shaida, sharaɗinsu kawai kada a ɗauko su a motarka.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da buɗi, ya sa a gama da duniya lafiya, ya kuma tsare 'ya'yanka da jikokinka daga haɗuwa da motocinka a hanya.

Wassalam.

Garba Mai Gyaran Keke,
Tambuwal.