Yatsu Huɗun da Kika Ɗaga

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa uwa tana durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin haske da yalwa. Na san ba a kai wasiƙa inda kike. Amma gobe da ƙarfe tara zan tsaya gaban kwamitin ladabtarwa na makarantarmu, kuma babu wanda nake so ya fara jin abin da na aikata sai ke.

Kin tafi kin bar ni ina neman aiki. To na samu, Inna. Ina koyar da ilimin ƙididdiga ga 'yan shekarar farko masu karatun kasuwanci, a wata babbar makaranta can unguwar Ndogbong. Aikin gwaji ne. Wata mai zuwa za a ce mini in zauna ko in kama gabana.

Ɗaliban nan kowa burinsa ya zama babban darakta mai mota, ba mai son jin zancen lissafi. Da miyarki nake lallashinsu. Nakan ce musu mahaifiyata ba ta taɓa shanye tukunya don ta san ko gishiri ya ji ba, juyawa take sosai ta ɗanɗana cokali ɗaya. Haka mai bincike yake tambayar mutane kaɗan ya gane na gari. Ranar da na faɗi haka har na bayan aji sun ajiye wayoyinsu.

Sai na ba su aiki. Kowa ya shiga gida ashirin ya binciko ko za a sayi garin kunu na leda. Tambayar farko a takardar ita ce: 'ya'ya nawa ne a gidan? A ƙarƙashinta na rubuta da hannuna cewa uwar gida za a tambaya.

Unguwarmu ta New Bell ta faɗo wa wata yarinya, Solange, 'yar unguwar Kassalafam. Ba Bahaushiya ba ce, ba ta jin ko sannu. Kullum a layin gaba take zama, tana rubutu kamar za ta huda takarda.

Da ta kawo sakamakonta sai na ga gidajen da na yi wasa a cikinsu. Hajiya Ladi aminiyarki, wadda na san 'ya'yanta shida, an rubuta biyar. Goggo Asabe mai waina ta bayan masallaci, takwas gare ta, an rubuta bakwai. Gida goma na sani a jerin, bakwai daga ciki an rage, kuma kowanne ɗaya ne cif ya ɓace.

A makon nan na gama koya musu cewa kuskuren da kullum gefe ɗaya yake karkata ba tsautsayi ba ne, ko dai mudun ne ya lotsa ko hannun mai awo. Ban tsaya duba mudun ba, Inna, don ni na ƙera shi. Zuciyata ta ce yarinyar nan ƙyamar lungunanmu ta yi, ta ga kwata da taɓon damina ta tsaya a bakin titi ta cike takardu da ka. Kin san ni da saurin hawa idan aka taɓa unguwa. Kafin azahar na rubuta ƙara na sa hannu na kai wa shugaban sashe.

Solange ta same ni a bakin ofis idanunta jawur. Abin da ta ce har yanzu yana kunnena: "Madame, je vous jure, na shiga kowane gida. Har ruwa suka ba ni." Na ce ta ajiye rantsuwarta sai gaban kwamiti. Hukuncin ƙirƙirar sakamako a wurinmu kora ce.

Shekaranjiya na je suna a unguwar Nkololoun, na tarar da Hajiya Ladi. Don in ƙara wa ƙarata ƙarfi na tambaye ta ko wata ɗaliba ta taɓa zuwa gidanta. Ta ce, "Ta zo mana, 'yar kirki, har takalmi ta cire a ƙofa. Jikata ce ta yi mana tafinta. Ta ce nawa, na ce biyar." Na ce shida fa, Hajiya. Ta riƙe haɓa ta dube ni sama da ƙasa. "Ke, ji min yarinya! Sai in buɗe baki in ƙirga da wancan? Boko ya cinye miki kunya ne?"

Wancan. Ɗanta na fari take nufi, mai furfura yanzu, mai jikoki.

Farantin shinkafa na hannuna, na kasa kai loma. Gida bakwai ɗin nan duk na tsofaffi ne masu kunyar ɗan fari. Ukun da suka yi daidai na matan zamani ne. Solange abin da aka faɗa mata ta rubuta, harafi da harafi. Ina da digiri biyu, amma ban lura cewa mai ƙirƙira da ka ba zai dace da ragin ɗaya sau bakwai ba.

Kuma a ce ni ce na manta da wannan, Inna. Ni.

Ina shekara bakwai, ina wanke kwanuka a bakin famfo, wata baƙuwa ta tambaye ki 'ya'yanki nawa. Kika ce huɗu. Na ƙirga a yatsuna da kumfar sabulu, Binta, Auwalu, Sani, Jummai, na ga babu ni. Bayan randa na je na yi kukana, ba ki ko leƙo ba.

Ba ki taɓa kiran sunana ba. "Ke, zo nan." "Ku ce wa waccan ta sauke tukunya." Ranar da na gama jami'a mata suka cika tsakar gida da guɗa, ke kuwa kika ci gaba da tsince wake kika ce, "Wai haka na ji ana faɗa." Na ji haushinki shekaru, yau na faɗa miki. Ina jin shi ya sa na binne al'adar nan can ƙasan raina har na daina ganinta, kuma ga shi yarinyar mutane za ta biya.

Jiya na koma wurin shugaban sashe na zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya ce, "Madame, kin riga kin sa hannu. Laissez comme ça, ki bar shi haka. A ba ta sifili a darasin, ba sai an kore ta ba, ke ma ki tsira da aikinki." Ya ƙara da cewa kwamitin da zai zauna gobe, mutanen cikinsa ne za su duba takarduna wata mai zuwa, kuma ba sa son malamin da ke zargi kafin bincike.

Ba zan ɓoye miki ba, ce masa na yi zan yi tunani. A kan babur ɗin da ya dawo da ni gida, cikin yayyafi, har na fara tsara yadda zan yi. Sifili ɗaya ai ba mutuwa ba ce. Za ta maimaita, ni kuma na san wuyar da na sha kafin in samu wannan allo da alli. Tsoro nake ji, Inna.

Abin da ya hana ni shi ne ranarki ta ƙarshe a asibiti. Ma'aikaciyar jinya tana cike takarda, ta tambaye ki da Faransanci 'ya'ya nawa, na fassara miki. Numfashi ya yi miki wuya, sai kika ɗaga yatsu huɗu na hannun dama. Ta rubuta huɗu. Ba ta ga hannun hagunki a ƙarƙashin mayafi ba, yana riƙe da wuyan hannuna, riƙon da sai da shatin yatsunki ya kwana a jikina. Ma'aikaciyar nan ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka nuna mata ta rubuta, kamar Solange.

Don haka gobe zan miƙe kafin a kira yarinyar. Zan ce takardata ce ta karkace, ɗalibata gaskiya ta kawo. Idan suka nemi hujja, zan ce su dubi wadda ke tsaye gabansu, don ni ma ina cikin waɗanda ba a ƙirgawa. Zan nemi gafarar Solange a gaban kowa, in ya so su yi yadda suka ga dama da aikin.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Allah Ya yafe miki, Ya yafe mini haushin da na riƙe. Ya sanyaya makwancinki, Ya tabbatar da harshena a kan gaskiya gobe, Ya haɗa mu a inda za ki iya kirana ba tare da kin sunkuyar da kai ba.

Ni ce ta hannun hagunki,
Hadiza