Kun San An Sace Lambar Innata, Kuka Yi Shiru

Zuwa ga Darakta na kamfanin da ke sayar da littattafan karatu ta salula a Maraɗi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ranka ya daɗe.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina karanta littattafan soyayya a wajenku, a ɓoye. Da yake shekaruna ba su kai ba, da lambar wayar Innata da hoton katin shaidarta na yi rajista, na sa ma kaina suna Tauraruwa. Ni ko a aji ba na iya ɗaga hannu, amma yau sai na yi magana.

Na farko. Kafin azumi wasu maza suka fara kiran wayar Inna. Sun san cikakken sunanta, sun san muna Tsibiri, suna ce mata Tauraruwa, suna faɗa mata maganganun da ba zan iya rubutawa ba. Inna ko karatun boko ba ta yi ba. Wata rana Baba ya ɗauki wayar da kansa. Tun ranar bai sake cin tuwonta ba. Yanzu tana Jiratawa wajen kakata, wai ta je taya su cirar albasa. An gama albasa tuni.

Na biyu. Wata ƙawata a lakwal, wato makarantarmu, wadda yayanta ke aiki a ofishinku, ta gaya mani ɓarayin intanet sun shiga na'urarku sun kwashe sunaye da lambobi da hotunan kati, kuma kun sani tun lokacin. Kun sani! Kullum saƙonku na shigowa cewa sabon littafi ya fito, a zo a saya. Saƙo ɗaya na cewa an sace bayananmu ne ya gagare ku?

Na uku. Na tambayi mushenmu, malamin ajinmu, ba tare da na faɗi dalili ba. Ya ce dokar kare bayanan mutane ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukuma da mutanen da abin ya shafa, ba da jinkiri ba. Da kun yi haka, da Baba ya gani a rubuce kafin ya ji muryar wani ƙato a wayar matarsa. Ni na yi laifina, na sani. Ku fa?

Ga roƙona. Ku aika wa duk wanda abin ya shafa saƙo, da Hausa, ba Faransanci kaɗai ba. Ku goge hoton katin Inna. Ku ba ni takarda mai hatiminku da ke cewa daga wajenku lambar ta fita, in kai wa Baba, don maganata ni kaɗai ba za ta dawo da ita gida ba.

Na so in tura wannan a jefa ƙarƙashin ƙofarku don kada a ga fuskata. Na fasa. Gobe in an tashi lakwal zan hau kabu-kabu in kawo da hannuna, kuma zan zauna a bencinku har a ba ni takardar.

Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya tsare maka iyalinka daga irin wannan kira.

Wassalam.

Wata ɗaliba daga Tsibiri