Wata Huɗu Muna Cin Bulo

Anti, don Allah ki taimake ni da amsa. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba, kuma wannan ne karo na uku da nake kwafe ta, domin na farko da na biyu sun cika goge-goge. Ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare, shekarata goma sha shida. Tambayata a kan abinci ce. Ina so in san ko mutum zai iya rayuwa a kan abin cin nan na cikin leda mai sheƙi, wanda ake cewa an ƙara masa furotin da bitamin, idan shi yake ci safe da rana da dare. Musamman yarinya 'yar shekara shida.

Wataƙila kin san shi. Tsawonsa kamar tafin hannu, kaurinsa kamar yatsa biyu, wajensa cakulan, cikinsa kamar an cuɗa gyaɗa da madarar gari an danne. Ƙanwata Auta ce ta raɗa masa suna bulo, saboda nauyinsa da yadda ake jera shi a kwali. Yanzu har Baba haka yake kiransa.

Mamanmu ta rasu wata huɗu da suka wuce. A kicin ta faɗi, da rana, tana juya miya. Ni ina makaranta ina rubuta gwajin lissafi. Maƙwabciyarmu ce ta kashe wutar, ta wanke tukunyar ta kife. Da masu gaisuwa suka watse, sai Baba ya kulle ƙofar kicin, ya zura makullin cikin zoben makullansa na wurin aiki. Ba mu tambaye shi dalili ba.

Baba mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Idan kwali ya lotse a hanya, akan bar wa ma'aikata su raba, ko da abin da ke ciki lafiya ƙalau yake. Ranar da ya fara kawo bulo, ya zaunar da mu a falo ya karanta mana bayan ledar yana bi da yatsa: furotin giram ashirin, sinadarin ƙarfe, kalsiyam, bitamin iri goma sha biyu. Ya ce masana ne suka auna komai da ma'auni, babu abin da jiki ke nema da ba a zuba ba, har masu ɗaga ƙarfe ma shi suke ci. Wannan ita ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa tun rasuwar.

Ga yadda muke yi. Da safe ɗaya-ɗaya da shayi, a butar lantarki muke dafa ruwan, a falo, kusa da talabijin. Ɗaya a jaka don makaranta. Da yamma ɗaya, wani lokaci da burodi. Baba yakan jera su a kan tebur a miƙe sarai, kamar yadda yake jera kaya a sito, ya yage wa Auta bakin ledarta da haƙori, ya zauna yana kallonmu. Nasa kuwa, idan na zo wanki nakan same shi a aljihun rigarsa ya narke.

Gwaggonmu, yayar Baba, ta riƙa kawo mana abinci a kula a makonnin farko, amma gidanta da nisa, sai ta hau mota biyu. Ranar da ta ga kwalaye huɗu a bayan kujera, ta tambayi Baba wai ko bene yake shirin ginawa a cikinmu da yake ta loda mana bulo haka, in ko haka ne a kira ta ta kawo siminti. Auta ta yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce mata shi ba yaro ba ne da za a koya masa riƙon 'ya'yansa. Ta ce ai ita ta goye shi, ta san yaro ne. Ta ɗauki jakarta ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Takan kira ni a waya ta ce, 'yar gidana kin ci abinci? In ce na ci, domin ba ƙarya na yi ba.

A zangon nan malamar bayoloji ta koya mana rabe-raben abinci, ta ba mu aikin gida mu ɗauki wani abin ci mu yi lissafin amfaninsa. Sai na shimfiɗe ledar bulo a cikin littafi har ta miƙe, na yi lissafi. Guda uku suna ba ni furotin giram sittin, ya fi abin da littafinmu ya ce ina buƙata. Amma kuzarin da ke cikinsu bai kai kalori ɗari bakwai ba, alhali littafin ya ce yarinya kamata tana buƙatar wajen dubu biyu. Sukari kuma da yawa. Sannan a ƙasan ledar, inda aka liƙe ta, akwai ƙananan rubutu da sai an ɗaga bakin ake gani. Sun ce an yi awon ne da jikin babban mutum, kuma ba a yi shi don ya maye gurbin abinci ba. Yatsan Baba bai kai nan ba. Na ci maki goma cikin goma. Malama ta rubuta "Da kyau" da jan biro. Ta ɗauka misali na kawo.

Siket ɗin makarantar Auta yanzu zamewa yake yi, sai na kama shi da fil. Takan yi kwana uku ba ta zaga ba, cikinta ya kumbura, ta zauna a banɗaki tana kuka ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Shekaranjiya ina gyara gado na ɗaga katifarta na samu bulo tara, kowanne an gatsa sau ɗaya an mayar cikin leda. Na kwashe na zubar, ban yi mata faɗa ba. Idan maƙwabta suna soya albasa, takan je ta tsaya a bakin ƙofarsu kamar tana ɗaure takalmi, alhali takalminta ba shi da igiya.

Ni kaina lafiyata lau, sai dai jiri idan ina hawan matakalar ajinmu. Ba na jin yunwa, ba na jin ƙoshi. Bulon ma ba na jin ɗanɗanonsa, taunawa kawai nake yi har ya ƙare. Ban yi kuka ba ranar rasuwar, kowa ya ce ina da haƙuri. Ni dai ban san ko haƙuri ba ne.

Kicin ɗin yana da ƙaramar taga ta baya. Idan Baba ya tafi aiki nakan kife bokiti in hau in leƙa. Tukunyar tana nan a kife. Labulen yana nan yadda yake. A ƙasa kuma, gefen firji, akwai ludayin Mama inda ya gangara ya tsaya. Maƙwabciyarmu ba ta gan shi ba. Miyar ta bushe a jikinsa. Nakan kalle shi kamar minti biyar in sauka in je in yi aikin gida.

Na iya dafa shinkafa da wake da ƙwai, Mama ta koya mini. Anti, idan kin ce bulo ya wadatar, zan yi shiru in ci gaba da kama siket da fil. Idan kuma bai wadatar ba, ta yaya zan gaya wa Baba? Shi ne abu ɗaya da yake yi mana yana da tabbacin ya yi daidai. Ina tsoron idan na nuna masa ƙananan rubutun nan, zai ji kamar na ce ya kasa. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

'Yar Aji Biyar

*

'Yata,

Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya ba ku dangana. Wasiƙarki ba ta yi tsawo ba, kuma amsar tambayarki gajeriya ce: bai wadatar ba. Lissafinki daidai ne.

Bari mu ba bulo haƙƙinsa tukuna. Ba guba ba ne, kuma abin da Babanki ya karanta muku gaskiya ne. Ga babban mutum da ya makara, ko mai doguwar tafiya, ko wanda ya taso daga motsa jiki, guda ɗaya a aljihu ya fi zama da yunwa. Amma abin riƙe ciki ne kafin a kai ga abinci. Furotin kamar kayan gini ne, sai dai jikin da bai samu isasshen kuzari ba, ƙona kayan ginin yake yi don ya tashi ya zauna. Shi ya sa kike da furotin har ya yi yawa amma jiri na ɗibarki a matakala. Ganye da 'ya'yan itace da wake da abinci mai ruwa-ruwa kuwa, suna yi wa ciki aikin da babu ledar da za ta yi.

Batun Auta ya fi gaggawa. Furotin da yarinya kamarta ke buƙata a yini bai wuce na bulo ɗaya ba, kuma sinadarin ƙarfe da bitamin da aka auna wa babba, idan ana ninka wa ƙaramar yarinya su sau uku kullum, ba alheri ba ne. Ga shi kuma ta daina ci ma, tana ramewa. A kai ta asibiti cikin makon nan, ke ma a duba jininki. Ki tafi da ledar da kika shimfiɗe, ki nuna wa likita, ki faɗa masa labarin bulo tara na ƙarƙashin katifa. Kafin nan, ba sai an buɗe kicin ake ɓare lemo ko ayaba ba, kuma butar nan ta falo tana iya dafa ƙwai. Ki ba ta ruwa sosai. Ki fara yau.

Yanzu Babanki. Kada ki gan shi da laifin rashin kula. Mutumin da ke yage wa 'yarsa leda da haƙori, nasa rabon kuma yana narkewa a aljihu, bai yi sakaci da ku ba. Ɗakin da ake dafa abinci ya zama ɗakin da ya rasa matarsa, sai ya nemo abincin da ba ya buƙatar wuta, ya riƙe rubutun bayan leda don shi kaɗai ne ke gaya masa ya yi daidai. Gwaggonki gaskiya ta faɗa, amma da zolaya ta faɗa, a gaban 'ya'yansa, ga mutumin da ƙafa ɗaya ta rage masa a tsaye. Duk da haka, tausayinsa ba zai sa mu bar yarinya tana ɗaure takalmin da ba shi da igiya a ƙofar mutane ba.

Saboda haka kada ki je masa da littafin lissafi. Zai yi gardama da lamba, domin lamba aikinsa ce. Ki kai masa siket ɗin Auta da fil ɗin a jiki, ki ajiye a hannunsa, ki ce tana ramewa, kina so ya kai ku asibiti. Ki bar likita ya karanta masa ƙananan rubutun. Daga bakin likita bayani ne, daga bakinki zai ji kamar hukunci.

Gwaggo kuma, idan ta sake tambayarki ko kin ci abinci, ki ce mata bulo kika ci. Wadda ke kiranki kullum ba ta yi fushin tafiya ba, jira take a kira ta. Ki roƙe ta ta dawo, ta bar simintinta a gida. Wannan kaya ya fi ƙarfin kan 'yar shekara sha shida, kuma kina da jarrabawa a gabanki. Idan makullin bai samu da wuri ba, a aro ƙaramin risho a ɗora tukunya a baranda. Ƙanshin albasa a cikin gida yakan buɗe ƙofar da magana ta kasa buɗewa.

Saura ke. Kin ba ni giram da kalori dalla-dalla, rasuwar mahaifiyarki kuwa layi uku. Rashin jin komai ba haƙuri ba ne, ba kuma taurin zuciya ba ne. Haka jiki kan yi idan abu ya yi masa nauyi, sai ya ajiye shi gefe har ranar da zai iya ɗauka. Yunwa kuma tana ƙara daskarar da mutum. Ki tsaya bayan darasi ki gaya wa malamar bayoloji cewa aikin gidan nan ba misali ba ne, abincinki ne. Jimla ɗaya ce, za ki iya.

Abu na ƙarshe. Ranar da za a buɗe ƙofar nan, kuma za a buɗe ta in Allah ya so, na san halinki: za ki yi sauri ki shige gaba ki ɗauke ludayin don kada Baba ya gani. Kada ki yi haka. Ki nuna masa inda yake. Ku ɗauka tare, shi ya riƙe, ke ki zuba ruwa. Idan kuka ya zo muku a wurin, ku bar shi ya zo, wata huɗu yana jiran a buɗe masa. Bayan nan ki ɗora shinkafa, ki ba Auta ludayin ta juya.

Allah ya ba Auta lafiya, ya sanyaya zuciyar Babanku, ya mayar miki da ɗanɗanon bakinki.

Antinki